FILIN KASUWA: Akwatin kiɗa da rumbun hatsi

Idan kaka ta yi a ƙasar Damargu, kunne ke riga ido sani. Tun mutum bai kai bakin kasuwa ba yake jin ta. A Tanut haka, a Belbeji haka, a Bakin Birji da Gangara da Sabon Kafi ma haka. Masu kayan sauti sun jera akwatuna bisa tebur, kowa ya ƙure murya. Wannan wa'azi, wancan kiɗa, na gaba labarin kokowa. Manomi ya shigo da hatsi, makiyayi ya shigo da rago a igiya. Kafin la'asar hatsi ya koma kuɗi, kuɗi sun koma akwati, akwati ya hau jaki ya nufi gida.

Sayen abin saurare ba laifi ba ne. Da shi ake jin ranar rigakafin bisashe, da farashin cimaka, da labarin damana. Da shi ake kiran salla, ake sanar da suna, ake cigiyar raƙumin da ya ɓace. Amma akwati ɗaya yana iya cinye abincin gida na wata biyu, kuma sau da yawa mai shi ba ya gane haka sai bazara ta tsaya. Shi ya sa wannan fili ya ɗauko zancen a wannan wata.

Labarin wani magidanci

Wani magidanci ne na wajen Gangara. Ba sai an faɗi sunansa ba, domin kusan kowane gari yana da irinsa. Damana ta yi mashi kyau. Ranar kasuwa ya kai hatsi, ya karɓi kuɗi, ya tsaya gaban tebur. Akwai wani akwati dogo da ya kai mashi ƙugu, yana da ƙafafun turawa, fitilu ja da kore suna zagayawa a gabansa.

Mai tebur ya ce: “Sannu da zuwa, Baba. Wannan shi ne daidai da gidan babban mutum. Dubi lambar da ke jikin kwali, dubu uku ce. Idan ka kunna shi a Gangara sai an ji a Tanut.”

Magidanci ya ce: “To ɗana, garinmu babu kuran.”

Mai tebur ya ce: “Ai yana da batir a cikinsa. Caji ɗaya, kwana uku.”

Aka taya, aka yi albarka, aka sake tayawa, aka sallama. Ba a rubuta komai ba. Kwana na farko gari ya taru. Batir bai kai kwana uku ba, sa'a uku ya yi. Kullum sai an kai shi wurin mai cajin salula, kullum sai an biya, kuma kuɗin cajinsa sun fi na salula nesa. Da zafi ya shigo, yara suka bar shi cikin rana tsakar gida. Batir ya kumbura, murya ta shaƙe. Ga shibka ta zo, rumbu ya yi ƙasa. Magidanci ya ɗora akwati bisa jaki ya koma kasuwa. Mai tebur na kaka ba ya nan, ya bi wata kasuwa. Wani mai gyara ne ya taya, kuma tayin da ya yi ko a bakin maƙiyi ba daɗi.

Yanzu sai a ɗauko kaye da alƙalami. Lissafin na misali ne, kowa ya sa farashin kasuwar garinsu a wurin waɗannan lambobi. A ce akwati jika 60 ne. A ce buhun hatsi da kaka jika 20. Ke nan buhu 3 aka fitar daga rumbu. Buhu mai kilo 100 yana ɗaukar tiya 40, buhu 3 tiya 120 ke nan. Da damana a ce buhu ya kai jika 30, akwati kuwa an saye shi jika 15. Jika 15 rabin buhu suke saye, wato tiya 20. An ba da tiya 120, an karɓo tiya 20. Tiya 100 sun tafi. Gidan da ke cin tiya 2 a yini, abincin kwana 50 ne ya salwanta.

Hasarar biyu ce a haɗe. An sayar da hatsi lokacin da ya fi araha, an sayi akwati lokacin da ya fi tsada. Daga baya an sayar da akwati lokacin da babu mai kuɗi, an sayi hatsi lokacin da ya fi tsada. Dattawan da suka ga 1984 da 2005 a Damargu sun san wannan ciniki sarai. A irin waɗannan shekaru kayan ɗaki ne ke fara fita, kuma ba sa fita da daraja.

Daga radiyon pil zuwa katin waƙa

Abin ba yau ya fara ba. An buɗe Radiyo Nijar a 1958, a 1974 ta koma Muryar Sahel. A 1962 aka kafa ƙungiyar radiyo-kulob, inda mutanen gari ke taruwa gaban radiyo ɗaya su saurara su tattauna. A lokacin, radiyo ɗaya ya ishi gari guda. Sai kaset ya zo. Ƴan cin rani suka dinga dawowa daga Kano da Libiya da radiyo mai kaset, an ɗinka mashi riga don ƙura, ana jin Shata da Ɗan Anace. Tun da aka fara kokowar takobi ta ƙasa a Tawa cikin 1975, babu manomin da ke son pil ya mutu mashi ana tsakiyar karawa. Yau kuma salula ce da katin memori ɗan ƙarami kamar farce, da akwati mai kama waƙa ta iska, abin da ake kira Bluetooth. Da zinariya ta bayyana a Jado cikin 2014, samari da yawa sun dawo gida da irin waɗannan akwatuna.

Mafi yawan kayan daga ƙasar Sin suke fitowa. Wasu ta Legas suke biyowa su zo Kano, daga kasuwar Sabon Gari su ƙetaro ta Matamai ko Magarya su sauka kasuwar Dole a Damagaram. Daga nan ƴan tebur ke ɗauko su, su kama hanyar Agadas, kusan kilomita 150 zuwa Tanut. Kowane hannu da kayan suka bi yana ɗora ribarsa, ga mota, ga duwan. Shi ya sa farashi ke motsi da abin da ya faru nesa. A Janairun 1994 da aka karya darajar sefa, kayan waje sun yi tsalle. Da Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma rufewar 2023 zuwa Maris na 2024, kayan Kano sun yi wuyar samu. Mai niyyar saye, in yana da ɗan uwa a Damagaram, ya sa a tambayo mashi farashin Dole kafin ya taya a kasuwar ƙauye.

Wane aiki za ya yi?

Kafin a taya, a fara sanin abubuwa biyu da ke cikin kowane kayan sauti. Muryar da ke fitowa daga salula ko radiyo ko abin magana ƙarama ce, kamar ta jinjiri. Ampili shi ne ke ƙara mata ƙarfi. Lasifika, ko amsa-kuwwa, ita ce bakin da ke fitar da ita. A wasu kayan an haɗa su cikin akwati ɗaya, a wasu kowa daban, sai an haɗa da waya.

Mai ɗaki ɗaya da tsakar gida ba ya bukatar akwati mai ƙafafu. Ƙaramin da ake ɗauka da hannu ɗaya ya ishe shi, kuma cajinsa ba ya cin kuɗi.

Masallaci, ko ƙofar maigari, ko mai shela a kasuwa, su lasifikar ƙarfe mai baki kamar mazurari ta dace da su, da ampili nata daban. Irin wannan lasifika ba ta da daɗin kiɗa, domin ba ta fitar da muryar ganga mai kauri. Amma ga magana babu kamarta. Da wuta kaɗan take kai murya ƙarshen gari, ba ta tsoron rana, ba ta tsoron ruwa. Sunayen da aka daɗe da sani a wannan fanni su ne Ahuja na ƙasar Indiya da TOA na Japan. Sai dai suna mai kyau shi ake yi wa jabu, don haka suna kaɗai bai isa shaida ba.

Makiyayi kuwa zancensa daban ne. Yawancin akwatunan zamani tashar FM kaɗai suke kamawa, ita kuwa FM ba ta nisa. Wanda ya bi bisashe arewa, wajen Tenhiya ko bayan Tarka, yana iya wayar gari da akwati mai kyau amma babu abin da yake kamawa sai shuuu. Ya duba jikin akwatin. In ya ga SW, wato gajeren zango, to zai kama tashoshin nesa. In FM kaɗai aka rubuta, abin da ke cikin memori kaɗai zai ji. Kuma wanda ke cin pil na kanti ya fi mashi wanda sai an yi caji, in ba yana da ɗan pano na rana da yake ɗaurawa bisa kayan jaki ba.

Wutar da ake da ita

Nan ne aka fi yin kuskure. Ana sayen doki ba a tanadi harawa ba. Garin da wayar NIGELEC ta kai, mai gida na iya sayen abin da ke aiki da 220 V. Garin da ba ta kai ba, sai abin da aka rubuta 12 V ko DC a bayansa. A juya akwati a karanta bayansa kafin a kalli gabansa.

Batir yana da lamba da ake rubutawa Ah. Ita ce girman randarsa. Batir mai 50 Ah, rabi kaɗai ya kamata a sha, wato 25, domin batir da ake ƙarar da shi ƙaf kullum ba ya daɗewa. In ampili na shan 2 A, a raba 25 gida 2. Ya ba da kamar sa'a 12. Pano mai 50 W kuwa kusan 3 A yake bayarwa idan rana ta tsaya, kuma sai an share mashi ƙura. A yini mai kyau zai mayar da kamar 15 cikin randa. Wanda ke shan 25 kullum yana mayar da 15, ba da jimawa ba randa za ta bushe.

Kada a haɗa pano kai tsaye da ampili. Pano da ake ce ma na 12 V yana iya fitar da 18 har fiye da 20 da tsakar rana, kuma wannan ya isa ya ƙona kaya. Dole a sa ɗan akwatin da ke daidaita wuta tsakanin pano da batir, sannan ampili ya sha daga batir. Jar waya ga alamar +, baƙa ga alamar −. Juya su sau ɗaya tak yana iya kashe sabon ampili. Mai injin wuta kuma ya bari inji ya tashi ya daidaita kafin ya kunna kayan sauti, ya kashe su kafin ya kashe inji.

Lambar kwali

A koma ga dubu uku ɗin da aka nuna ma magidancin Gangara. Harafin W yana nufin wat, ma'aunin ƙarfi. Amma iri biyu ake rubutawa. Akwai wanda ake bi da haruffa RMS. Shi ne ƙarfin da kaya ke iya riƙewa yini guda, kamar kayan da jaki ke ɗauka daga Sabon Kafi har Tanut. Akwai wanda ake bi da PMPO. Wannan lambar talla ce, babu wata ƙa'ida da ta ɗaure mai rubuta ta. Akwati mai PMPO 3000 yana iya zama ainihin ƙarfinsa bai wuce 20 ko 30 ba.

Akwai lissafi mai sauƙi da ke tona wannan asiri, kuma duk wanda ya iya sau a ajin yaƙi da jahilci zai iya shi. Kaya ba ya fitar da ƙarfin da ya fi wanda ya sha. A duba jikin abin cajinsa, ko bayan akwati, za a ga V da A. A buga su. In an rubuta 15 V da 2 A, 15 sau 2 talatin ke nan. Abin da ke shan 30 ta ina zai yini yana fitar da 3000? Rijiyar da ke kawo guga talatin ba ta shayar da garken guga dubu uku. Ga ampili mai aiki da batir kuma a duba fis ɗinsa. In 5 A aka rubuta, 12 sau 5 sittin, iyakarsa ke nan, kuma wani kashi yana tafiya a zafi.

Wani abin da masu tebur ba sa faɗi: ninka wat ba ya ninka ƙara. Mai 40 bai fi mai 20 ƙara sau biyu ba, ɗan kaɗan ya ɗara shi. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai an ninka wat kusan sau goma. Saboda haka ƙarin jika goma don ƙarin wat kaɗan, kuɗin goro ne aka ba mai kanti.

Lamba ta biyu ta masu haɗa ampili da lasifika ce. Ana kiranta om, alamarta kamar kofaton doki: Ω. Lasifika na zuwa da 4, ko 8, ko 16. A bayan ampili an rubuta mafi ƙarancin da yake iya ɗauka. Abin da ke ruɗa mutane shi ne, idan aka ƙara lasifika, lambar raguwa take yi, nauyi kuma ya ƙaru. Lasifika biyu masu 8, aka haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, sun koma 4. Huɗu sun koma 2. Ampili da aka rubuta ma 4, in aka ɗora mashi 2, zai yi zafi ya ƙone. Haka ake yi a masallatai da yawa. An samu mai taimako ya kawo lasifika biyu sababbi, aka ƙara bisa na da, ranar Juma'a ampili ya yi hayaƙi, aka ce ai jabu ne. Ba jabu ba ne, kaya aka yi mashi fiye da ƙarfinsa. Kafin a ƙara ko ɗaya, a kira wanda ya iya karanta bayan ampili.

Gwaji gaban tebur

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A wannan ciniki kam ji ne ke korar gani. Fitilu masu zagayawa ba sa ƙara murya, batir suke sha.

Mai saye ya zo da katinsa ko salularsa, da muryar da ya saba ji. Mai tebur yana da waƙar da ya zaɓa, mai ganga da yawa, wadda ke rufe aibi. A sa magana, wa'azi ko labarai. In ana jin kowace kalma tsaf, daga kusa da daga taki ashirin, kaya na da kyau. In muryar malam ta koma kamar mai magana cikin tulu, a wuce gaba. A ƙara murya sannu a hankali. Inda ta fara karkarwa, nan ne iyakar akwatin, ko me aka rubuta a kwali.

A ce ma mai tebur ya cire wayar wuta. Akwatuna da yawa suna ruri muddin suna jone, da an cire sai su yi laushi, alamar batir ya gaji ko ƙarami ne. A bar shi yana yi, a je a sayo gishiri da goro, a dawo bayan rabin sa'a. A taɓa bayansa. Ɗumi ba komai, amma zafin da hannu ba ya iya jurewa ba alheri ba ne. A murɗa kowane maɓalli, a gwada kowace kafa, ta memori, ta abin magana, ta caji. A leƙa ta ragar gaba. Wasu akwatuna suna da baki uku ko huɗu a ido, amma ɗaya ne ke magana, sauran ado ne na roba. A kara kunne ga kowane ɗaya.

Kuma wanda aka gwada shi za a ɗauka. In mai tebur ya ce ga sabo cikin kwali ba a buɗe ba, a buɗe shi nan take a gwada. Ɗaukar kwali a rufe cinikin biri a sama ne.

Na hannu

Tsohon kaya mai kyau ya fi sabon banza, kuma sau da yawa ya fi araha. Amma yana son ido. Cikin lasifika akwai mayen ƙarfe a baya, da naɗin waya siririya kamar gashi, da faifan takarda a gaba. A sa yatsu a danna faifan a hankali, daidai tsakiya. In ya shiga ya dawo shiru, lafiya lau. In ana jin yana gogawa kamar yashi, naɗin ya ƙone ko ya karkace. A duba gefen faifan ko ya tsage, domin zafin Damargu yana busar da shi, kusu kuma yana cin sa. A ɗauki pil ɗaya na tocila, a taɓa wayoyin lasifika biyu ga kansa da gindinsa. Mai rai za ta yi ƙwas, faifan ya motsa. Matacciya ba ta cewa komai.

A shinshina bayan ampili. Abin da ya taɓa ƙonewa warinsa ba ya ɓoyuwa. A duba kusoshi. In kawunansu sun cinye, an sha buɗe shi. A ƙwanƙwasa katakon akwati. Yawancinsu garin katako ne aka matse, in gara ta shiga ko ruwa ya taɓa shi, sai ya dinga zuba.

Akwai arahar da ake gudu. Wanda ya zo da ampili da batir da pano da dare, ba kwali, ba takarda, yana sauri, yana neman kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinsu, a tambaye shi inda ya samo. Ana satar irin waɗannan kaya a masallatai da makarantu. Ranar da aka gane su, a hannun wanda aka same su jandarma ke fara tsayawa. Kuɗi sun tafi, kaya sun tafi, ga kunya gaban maigari.

Idan an kai gida

Abokan gaban kayan sauti a wannan ƙasa su ne ƙura, da rana, da gara, da hannun yara. A ɗora akwati bisa tebur ko dutse, kada ya zauna ƙasa ko ya jingina da bangon laka. Da hunturu a rufe shi da zane idan an kashe, amma kada a rufe ampili yana aiki, yana son iska. Batir ɗin da ke cikin akwatunan zamani da yawa irin na salula ne, zafi ne ajalinsa. Kada a bar shi cikin rana, kada a yi mashi caji ƙarƙashin kwanon rufi da azahar cikin watan Afrilu ko Mayu. Wanda ya kumbura a fitar da shi daga ɗaki, yana iya kama wuta, ɗakin kara kuwa ba ya jiran a ɗebo ruwa.

Sai zancen ƙure murya. Ita ke ƙona lasifika, ita ke shanye batir, ita ke ɓata zama da maƙwabci mai jinya. Tana kuma kashe kunne a hankali, kuma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Hukumar lafiya ta duniya ta ce matasa fiye da miliyan dubu ne ke cikin wannan hatsari. In mutum biyu na zaune tabarma ɗaya sai sun ɗaga murya kafin su ji juna, ƙarar ta yi yawa. A wajen biki kada a zaunar da mai goyo gaban akwati.

Mai sayarwa

Wanda ya ga akwati ya fi ƙarfinsa, kada ya jira yunwa ta sayar mashi. Ya fitar da shi da kaka, ko gab da salla, ko lokacin bukukuwa, sa'ad da kuɗi ke hannun mutane. Ya goge shi, ya cika batir, ya haɗa da abin caji da abin magana da kwali in yana nan. Kayan da suka zo cikakku sun fi daraja. In ya bi ta hannun dillali, a yanka la'ada tun farko gaban shaida. In akwai aibi ya faɗe shi da bakinsa. Wanda ya ɓoye, ya ci kuɗi yau, kasuwa mai zuwa ga shi gaban sarkin kasuwa ana mayar da ciniki.

Garuruwa da dama suna da hanyar da ta fi kowa ya sayi nasa. Ƙungiyar samari ko ta mata ta haɗa kuɗi ta sayi ampili ɗaya da lasifika biyu da batir. Mai suna ko mai aure ya yi haya, kuɗin haya su shiga asusu don gyara. Abin da ke kashe irin wannan shiri shi ne rashin rubutu: wa ya ɗauka, yaushe, nawa ya biya, lafiya ya maido ko da rauni. Mutum ɗaya mai kaye ya ishe su.

Ko saye ko sayarwa, a rubuta takarda. Ba dole sai da Faransanci ba, Hausa ta isa, ajami ma ya isa. A sa ranar ciniki, da sunan mai sayarwa da garinsu da lambar salularsa, da sunan kaya, da kuɗin da aka biya. A sa kwana nawa aka yarda a maido in ya lalace, ko da kasuwa ɗaya ce. A bayan kowane ampili na kirki akwai doguwar lamba tasa shi kaɗai. A kwafe ta harafi harafi cikin kaye, a ajiye kayen wani wuri daban da akwatin. Ranar da aka yi sata, ita ce shaidar da za a kai ma jandarma. Mai tebur da ya ƙi sa hannu ko dangwala yatsa bisa wannan takarda, a bar mashi kayansa a je tebur na gaba.